Kafin a tura kuɗin na'urar korar kifin shak, a tambayi wanda ya gwada ta

Wanda ya ji ana zancen kifin shak a Zariya zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Ruwan da muka sani shi ne Kubanni da Galma da dam ɗin Shika, teku kuwa sai an yini cur a mota kafin a kai bakinsa. Sai dai garin nan garin karatu ne. Kowace shekara malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna fita ƙaro ilimi, wasu da tallafin TETFund, wasu da na PTDF, wasu da gumin iyayensu, kuma da yawa a bakin teku suke sauka: Cape Town da Durban a Afirka ta Kudu, Perth da Adelaide a Ostireliya, wasu kuma Masar, inda hutu kan kai su Bahar Maliya. A irin waɗannan garuruwa hawan igiyar ruwa a kan allo wasan kowa da kowa ne, ana ba da hayar allo na awa ɗaya, ana koya wa baƙo a yini guda. Ko a gida ma, samarin Tarkwa Bay a Legas sun daɗe suna yi. To ba a daɗewa sai saƙo ya iso Samaru ko Tudun Wada: "Baba, akwai wani abu da ake ɗaurawa a ƙafa yana korar shak, don Allah a taimaka mini da kuɗinsa." Uba kuwa, da ya ji an ambaci kariyar ɗansa, ba ya tsayawa ciniki.

Ni a ganina ya kamata ya tsaya, ya yi tambaya ɗaya kafin ya tura ko sisi: wa ya gwada abin nan, kuma da kuɗin wa aka gwada shi? Yawancin kayan da ake sayarwa da sunan korar shak ba su tsallake jarrabawa ba a hannun masu binciken da ba su da riba a cinikin. 'Yan kaɗan da suka tsallake, haɗarin suke ragewa da kamar rabi, ba sa kawar da shi. Wanda ya sayi na banza ya yi asara biyu, ta kuɗi da ta hankali, domin zai shiga ruwan da da bai shiga ba.

A fara da girman haɗarin kansa. Gidan tarihin halittu na Jami'ar Fulorida a Amurka shi ke riƙe da kundin cizon shak na duniya. A 2023 ya ƙirga cizo 69 da kifin ya yi ba tare da an tsokane shi ba, mutum 10 suka mutu. A 2024 adadin ya sauka zuwa 47, mutum 4 suka mutu. Duk duniya ke nan. A ɗaya ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021. Amma masu hawan igiyar ruwa suna da babban kaso a cikin waɗanda ake cizo, saboda suna daɗewa a bayan inda igiyar ke fashewa, ƙafafu a rataye, kuma binciken Jami'ar Macquarie na 2021 ya nuna cewa ga idon ƙaramin farin shak da ke kallo daga ƙasa, inuwar mutum a kan allo ba ta da wani bambanci da ta sil, dabbar tekun da yake farauta. Akwai kuma wuraren da abin ya wuce lissafin duniya. A tsibirin Reunion na Faransa mutum 11 suka mutu tsakanin 2011 da 2019, har gwamnati ta hana iyo da hawan igiyar ruwa a yawancin gaɓar tun 2013. Nau'i uku ne ke da alhakin mafi yawan mace-macen: farin shak, da mai zanen damisa, da wanda 'yan Afirka ta Kudu ke kira Zambezi, mai shiga bakin kogi da ruwan da ya gurɓace.

Don a gane abin da ke aiki da wanda ba ya yi, sai an san yadda kifin ke ji. A kewayen hancinsa akwai ɗaruruwan ƙananan ramuka cike da wani abu mai yauƙi, waɗanda wani masani ɗan Italiya mai suna Lorenzini ya bayyana tun 1678. Da su yake jin 'yar ƙaramar wutar lantarkin da tsokar kowane mai rai ke fitarwa. Jin nan na kusa ne, ba ya kai wa nesa. Daga nesa da ƙamshi da sauti da ido yake zuwa, sai ya matso sannan ramukan nan su karɓi aiki. Na'urar lantarki tana da ƙarafa biyu da ke harba wuta a cikin ruwan gishiri, bugu bayan bugu, da ƙarfin da ya wuce abin da ramukan za su ɗauka, har tsokar hancin kifin ta riƙa motsi ba da son ransa ba, sai ya kauce. Hukumar kula da shak ta lardin KwaZulu-Natal ce ta fara ƙera irin wannan a shekarun 1990, daga baya wani kamfani a Ostireliya ya ɗauki fasahar da sunan Shark Shield, wanda ya koma Ocean Guardian. Ga kuma amsar masu cewa na'urar tana jawo shak daga nesa: wutar tana raguwa da sauri da zarar an ɗan nisanta, kuma gwaje-gwajen da aka yi ba su ga alamar tana tara kifin ba.

Gwajin da ya fi fayyace kasuwar shi ne wanda Charlie Huveneers da abokan aikinsa na Jami'ar Flinders suka wallafa a 2018. Sun je tsibiran Neptune a kudancin Ostireliya, suka rataya naman tuna a ƙarƙashin allo, suka gwada kaya biyar ɗaya bayan ɗaya, suna kwatanta su da allon da ba a sa masa komai ba. Sau 297 suka yi, a kan farin shak 44 daban-daban. Kayan su ne na'urorin lantarki biyu, Freedom+ Surf ta kamfanin Ocean Guardian da Rpela. Sai na maganaɗisu biyu na Sharkbanz, na ɗaurawa a jiki da na maɗaurin allo, wato igiyar da ke haɗa allon da ƙafar mai hawa. Sai kakin gogawa a allo mai suna Chillax, wanda aka haɗa da kanumfari da barkono da darbejiya da makamantansu. A allon da babu komai, kifin ya cinye naman a kashi 96 cikin 100 na gwajin. Da Freedom+ Surf a kunne, adadin ya sauka zuwa kashi 40, kuma tazarar da kifin ke bari idan zai wuce ta ƙaru daga mita 1.6 zuwa 2.6. Sauran huɗun ba su nuna wani tasirin a zo a gani ba.

A sake duba kashi 40 ɗin nan. Na'urar da ta zo ta ɗaya ke nan, kuma a cikin gwaji goma, sau huɗu kifin ya kutsa cikin wutar ya ɗauke abin da ya zo nema. Gaskiya ne cewa an yi gwajin da nama, kifin kuma an riga an kwaɗaita masa, alhali mutum a kan allo ba abincinsa ba ne. Amma lissafin da ke hannu ke nan, kuma gwaje-gwajen baya ba su yi nisa da shi ba. Wanda aka yi a New Caledonia a kan nau'in Zambezi, aka wallafa a 2020, ya samu ragin kusan kashi 42 ga wannan na'urar. Wani na 2024 da ya haɗa nau'ukan nan uku ya samu kashi 54. Kamfanin Rpela ya koma ya gyara tasa bayan faɗuwar 2018, kuma sabon ƙirar, v2, ta rage cizon farin shak da kusan kashi biyu cikin uku a wani gwaji a yammacin Ostireliya, amma a kan Zambezi ragin bai kai kashi 20 ba. Wato suna ɗaya, kamfani ɗaya, sakamako ya bambanta gwargwadon ƙirar da kuma irin kifin da ke gaɓar. Mai saye a Durban da mai saye a Adelaide ba tambaya ɗaya ya kamata su yi ba.

Maganaɗisu shi ya fi jan hankalin baƙo, don ya fi araha, ba caji, ba batir, ga shi kamar agogon hannu. Dabarar tana da tushe, domin ramukan hancin nan suna jin ƙarfin maganaɗisu. Matsalar ita ce tazara. Ƙarfin maganaɗisu yana faɗuwa da sauri fiye da kima: in ka ninka nisa sau biyu, abin da ya rage kamar kashi ɗaya cikin takwas ne. Kafin kifi mai tsawon mita uku ya ji wani abu, bakinsa ya riga ya iso. A Disambar 2016 shak ya ciji wani matashi a hannu a Fulorida yana sanye da irin wannan. Bidiyon da masu sayarwa ke nunawa, inda kifi ke matsowa ya juya, bai wuce ɗan tauri da ke goga wuƙarsa a cikinsa a kasuwa don ya sayar da maganin ƙarfe ba: wuƙar tasa ce, hannun nasa ne, shi ya san inda zai tsaya. Gwajin gaskiya yana da allon kwatance da ba a sa wa komai ba, yana da adadin kifaye da na maimaici, kuma an wallafa shi inda wasu masana suka tantance. In mai kaya bai iya nuna maka waɗannan ukun ba, riƙe kuɗinka. Haka batun sitika mai zanen ido da ake mannawa a ƙasan allo da na'urorin sauti. Fitilun da ake jerawa a ƙasan allo don su ɓata inuwarsa sun nuna alamar nasara a binciken Macquarie na 2024 a Mossel Bay, amma a kan sil na roba da ake ja da jirgi aka gwada, ba a kan allon mutum ba.

To a ce an zaɓi ta lantarki. Nan ne ake yin kurakuran da ke mayar da na'ura mai kyau ta zama ado.

Iri biyu ne. Akwai ta ɗaurawa a idon sawu, kamar Freedom7, mai jela ta kusan mita 2.2 da ke bin mutum a cikin ruwa. An yi ta ne don masu nutso da masu iyo. A kan allo jelar tana ja da baya, tana naɗe maɗauri, kuma in ta taso saman ruwa ko ta dunƙule wutar ta lalace. Sai ta jikin allo, wadda ke da sassa uku: siririyar shimfiɗa da ake mannawa a ƙasan allon mai ɗauke da ƙarafan biyu, da matakin ƙafar baya mai gidan batir, da batirin kansa da ake cirewa a yi caji. Rpela kuwa sai maƙerin allo ya fafe mata gurbi a jikin allon. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu ita ke yanke faɗin wutar, shi ya sa a gwajin New Caledonia ƙirar gajeren allo ta wannan kamfanin da ya zo na ɗaya ba ta kai rabin tasirin doguwar ba. A duba lambar ƙirar da aka gwada, a tabbata ita ce a cikin kwalin. Sannan wanda hayar allo yake yi kullum, ta jikin allo ba ta da amfani a gare shi, don ba zai manna ta a allon wani ba.

Wajen mannawa a kankare kaki da gishiri tas, a goge da sifirit, a bar shi ya bushe, a manna daga gefe ɗaya zuwa ɗaya ana korar iska, a bar shi kwana guda kafin ya taɓa ruwa. Kumfar iska ɗaya ta isa ruwa ya samu hanya, shimfiɗar ta fara ɗagowa. Caji ɗaya yana kai awa biyar zuwa shida a sabon batir, yana raguwa da tsufa, don haka a cika shi daren da za a fita, a duba fitilarsa a bakin ruwa kafin a shiga. Yawancinsu da kansu suke tashi in sun ji ruwan gishiri. Wannan na nufin ba za a iya gwada su a bokitin ruwan famfo ba, kuma a bakin kogi, inda ruwan daɗi ya surka na teku, ƙarfinsu yana raguwa, a daidai wurin da Zambezi ya fi so. Bayan kowace fita a wanke da ruwan daɗi, a busar da wurin cajin kafin a jona. Gishiri yana cin ƙarafan, wani fari-farin abu ya rufe su, wuta ta ragu alhali fitila tana nuna komai lafiya. Dole ƙarafan biyu su kasance cikin ruwa a lokaci guda. Mai zama can baya har hancin allon ya ɗaga sama yana iya fitar da na gaba daga ruwa bai sani ba. Kuma in hannu ko ƙafa ta matsa kusa da ƙarfen, za a ji ja mai zafi. Ba ya kisa, amma shi ke sa wasu su kashe na'urar su ci gaba da wasa da ita a mace. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, da mai farfaɗiya, da mace mai ciki, masu ƙerawa da kansu sun ce kada su yi amfani da ita. Wanda zai hau jirgin sama kuma, batirin a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin awo ba.

Akwai wani abu da talla ba ta faɗa. Masu bincike na Jami'ar Yammacin Ostireliya da suka gwada Freedom7 a Mossel Bay, suka wallafa a 2016, sun ga cewa a zuwan farko farin shak yana tsayawa kamar mita 1.3 daga na'urar, amma duk dawowar da ya yi yana ƙara matsowa da kamar santimita 12. Yana sabawa ke nan. Aikin na'urar shi ne ta ba ka 'yan mintunan fita daga ruwa. Wanda ya ga fiffiken bayan kifin ya keta ruwa ya ci gaba da zama don yana da na'ura, bai fahimci abin da ya saya ba.

Abin da ya fi burge ni a duk lamarin nan ba na'urar ba ce, tsarin gwamnatin jihar Yammacin Ostireliya ne. Tun 2017 take mayar wa mai saye dalar ƙasar 200, amma sai a kan na'urar da masu bincike masu zaman kansu suka gwada aka ga tana aiki. Ba ta hana kowa sayar da kayansa ba, ta dai ce kuɗin jama'a ba za su bi abin da ba a tabbatar ba. Jerin yana shafinta na SharkSmart, kowa na iya dubawa daga Kongo ko Gyallesu kafin ya tura kuɗi. Wannan shi nake so in ga hukumar ingancin kaya ta SON da hukumar hanyoyin ruwa ta NIWA sun yi a kan rigar kariya ta ruwa. Mu shak ba ya cin mu, kwalekwale ke kifewa da mu, kamar na Patigi a Yunin 2023 da ya ci fiye da mutum ɗari. Duk bayan irin wannan sai a yi rabon riguna. A wallafa mana sunayen rigunan da aka gwada, nauyin da kowace ke ɗauka, da wanda ya yi gwajin, don fasinja a Yauri ko Lokoja ya san abin da aka rataya masa a wuya.

Mu koma ga yaron da ya aiko saƙo. Na'urar lantarki mai kyau ɗaruruwan daloli ce, kuma a jerin abin da zai kashe wa kuɗi ita ce ta uku. Na farko koyon iyo a teku a hannun malami. Wanda ya iya iyo a dam bai san jan ruwa ba, wato siririyar hanyar da ruwan da igiya ta kawo ke bi ya koma ciki da ƙarfi. A Ostireliya wannan jan ya fi shak kashe mutane nesa ba kusa ba. Ba a kokawa da shi. A kwanta a kan ruwa, a ɗaga hannu ɗaya, ko a yi iyo gefe a layin gaɓa har a fita daga cikinsa. Sauran dabarun kyauta ne: kada a shiga da asuba ko da almuru, kada a shiga ruwa mai duhu bayan an yi ruwan sama, a guji bakin kogi da inda masunta ke fiɗar kifi da inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa a kan garken ƙananan kifaye, kada a fita shi kaɗai. A Muizenberg ta Cape Town akwai masu gadi a kan dutse tun 2004. Baƙar tuta na nufin ruwan bai ganuwa sosai, ja na nufin a yi hattara ƙwarai, farar tuta da jiniya kuwa an ga kifin, kowa ya fito.

Na biyu shi ne maɗaurin tsayar da jini, irin na sojoji, mai faɗin ɗamara da ƙaramar sandar murɗawa, wanda ya fi na'urar araha nesa ba kusa ba. Yawancin waɗanda shak ya kashe ba cinye su ya yi ba. Cizo ɗaya ne a cinya ko a hannu, jijiya ta yanke, jini ya ƙare kafin motar asibiti ta iso. An daɗe ana cewa a ɗaure da maɗaurin allo, amma wani gwaji da likitoci suka yi a Ostireliya a 2021 ya nuna wannan igiyar ba ta rage gudun jini ko da rabi ba, alhali dunƙule hannu a danna da dukan nauyin jiki a matsematsi, tsakanin ƙashin ƙugu da gaba, ya rage shi da kusan kashi 90. Saboda haka da an fito da mutum, in cizon a ƙafa ne, ɗaya ya danna nan bai ɗaga ba, ɗaya ya ɗauko maɗaurin. A ɗaura shi santimita biyar zuwa bakwai sama da raunin, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba, a ja ɗamarar ta kama tam sannan a murɗa har jinin ya tsaya cak, ko da mai raunin yana ihu. In bai tsaya ba a ƙara na biyu a samansa. A rubuta lokacin da aka ɗaura, a lulluɓe mutumin don kada sanyi ya kama shi, kada a ba shi abin sha, kada kuma kowa ya sassauta ɗaurin sai likita.